Bokitin Bilqis

Rana ta faɗa bayan gine-ginen unguwar Bin Omran, can ƙasar Larabawa, ana kiran sallar magariba, lokacin da warin ya iske Atine a kicin. Wari ne mai nauyi, irin na mushen da ya yini a rana. Ta bi shi har banɗakin 'yarta Bilqis, ta ɗaga murfin wani bokiti, ta ja da baya tana kakarin amai. Ƙasusuwan rago ne da kayan ciki, tsutsa na ta wutsil-wutsil a kai.

Ta san dalili. Bilqis harkar fim take karanta a jami'a, kuma aikinta na ƙarshe a kan rayuwar wani Bature ne na zamanin da, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana rubuta labaran kaburbura da gawawwaki masu tashi. Wai tsutsa ta gaskiya take so a hoton kabarinsa. Atine dama tun farko ƙyamar abin take. Duk faɗin ilimin duniya, a rasa wanda za a bi sai mutumin da ya mai da gawa abin hira!

Haushi ya rufe mata ido. Ta ɗauko tafasasshen ruwa ta kwara a bokitin har ya malala cikin magudana, ba ta ko yi bismilla ba. A gida Zariya ko da wasa ba za ta yi haka da magariba ba, amma a nan, cikin bene mai tayil da na'urar sanyi, ta ɗauka babu kowa sai su. Wani abu ya yi 'yar siririyar ƙara a magudanar, ya yi shiru. Ta tura bokitin baranda da ƙafa.

Daga ranar, da almuru ta yi sai tsakuwa ta fara dukan taga, alhali suna can saman bene. Bilqis ta daina cin abinci. Wata yamma Atine ta same ta durƙushe a banɗaki tana lasar bakin magudanar.

Mijin Atine, Injiniya Mas'udu, ya ɗauko Malam Ghali daga unguwar Mansura. Malam ya zauna ya fara karatu a hankali. Can sai Bilqis ta sandare, wata murya mai kauri ta fito daga bakinta.

"Malam, sassauta, kana ƙona ni."

"Fim ɗin ne ya kawo ka?"

Muryar ta yi dariya. "Me ya haɗa ni da Bature? Yarinya ta ajiye ƙashi, ɗana ya zo ci. Waccan ta ƙone shi." Yatsan Bilqis ya nuna uwarta. "A ba ni jinin baƙin akuya."

"Ba a yanka wa kowa sai Allah. Khalas, magana ta ƙare."

Sai muryar ta sassauto.

"To ta kwashe abincin da ta ɓata mana da hannunta, ta kai bayan gari, ta ba mu haƙuri. In ba haka ba, 'yarta ta zama tamu."

Malam ya dubi Atine. "Hajiya, wannan ba shirka ba ce. Haƙƙi ne."

A bayan gari, inda kwalta ta ƙare, Atine ta buɗe bokitin. Abin ya narke ya zama baƙin kunu. Ta yi bismilla, ta zura hannu har gwiwa, tana kwasa tana amai, tana cewa a yi haƙuri, har ta ga gindin bokitin.

Ta dawo ta tarar da Bilqis zaune, idonta ya dawo nata. Atine ta tsaya a bakin ƙofa, ta ɓoye hannuwanta a baya, don sabulu bai kashe warin ba.

"Kar ki matso, ina wari."

Bilqis ta taso da ƙyar, ta jawo hannuwan, ta kifa fuskarta a ciki.