Shuɗin da Haliru Ya Sayo a Zariya

A kasuwar Makarfi Haliru ya fara ganin Ummulhairi, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba. Tana tsugune gaban faifan Hajo mai kwalli, tsohuwar tana gwada mata sabon niƙa. Da ta ɗago ido, bawan Allah ya manta da mazarƙwailar da ya kawo sayarwa.

"Malam, jakinka ya sa baki a dawar mutane," ta ce tana dariya.

Daga ranar hanyar Gubuchi, garin su Ummulhairi, ta san ƙafarsa. Mahaifinta, Malam Inuwa, ya fi son ya aurar da ita ga ɗalibinsa Mijinyawa, don a ganinsa Haliru, mai yawan kai kaya Zariya, idonsa ya buɗe da yawa. Da ya ga inda hankalin 'yarsa ya kwanta sai ya haƙura, amma ya ja kunnen Haliru: "Kada ka shigo min gida da ƙyale-ƙyalen birni."

Abin da Haliru ya yi kenan. A wani kanti a Sabon Garin Zariya ya ga ɗan gwangwani mai shuɗiyar hoda, da hoton Baturiya a murfin. Mai kanti ya ce na ido ne. Haliru ya ji kunyar a ce masa baƙauye, bai ƙara tambaya ba.

"Yaya ake sa shi?" Ummulhairi ta tambaya da ya miƙa mata a wurin zance.

"Kamar kwalli mana, Hairina. Ki tsoma tsinke ki zizara a ciki. Haka matan birni suke yi."

Ya faɗa kai ka ce a gabansa suke yi.

Washegari idanunta suka kumbura suka yi jajir, ko buɗe su ba ta iya yi. Uwarta ta tsare ta da tambaya. Don ta rufa wa Haliru asiri ta ce, "Kwalli ne." Kowa kuwa ya san kwallin Hajo take sawa. Kafin kasuwa ta zagayo, zance ya cika gari cewa tsohuwar tana garwaya wani abu a niƙanta. Mata suka daina tsayawa gaban faifanta.

Da aka kai Ummulhairi asibiti, Haliru ya laɓe ya nuna wa malamar asibitin gwangwanin. Ta ce, "Wannan ai a kan fatar ido ake shafa shi, da ɗan yatsa, kaɗan-kaɗan. Ba ya shiga ciki. Wa ya ce mata ta zizara?"

Haliru ya mayar da gwangwanin aljihu ya fita. Idon ya fara sauƙi, shi kuwa abinci ya daina shigarsa.

Ranar kasuwa ya so ya wuce Hajo kansa a ƙasa, amma ta kira shi. Ita kaɗai ce zaune, tana korar ƙuda.

"Ango, yaya idon 'yata? Wallahi da hannuna na niƙa, ban sa komai ba." Ta tura masa wani ɗan tandun kwalli. "Na ajiye mata ne don biki. Daga hannuna ba za su karɓa ba, ka ce kai ka saya."

Haliru ya karɓa. Bai taɓa jin ya tsani kansa irin na ranar ba.

"Kada ka faɗa," Ummulhairi ta roƙe shi da yamma tana kuka. "Baba zai fasa. Ni ma kullum da Hajo nake kwana a raina, amma ba na son in rasa ka."

"Hairi, in na yi shiru, duk sanda na kalli idonki Hajo zan gani."

Ya shiga zaure ya durƙusa, ya ajiye gwangwanin gaban Malam Inuwa, ya faɗi komai. Malam ya daɗe yana kallon hoton Baturiyar.

"Abin da na hana ka shi ka yi," ya ce. "Na ɗage maganar aure. A kasuwa aka ɓata sunan baiwar Allah, can za ka je ka gyara. In ta yafe, ka dawo."

Haliru ya je. Ya tsaya a tsakiyar rumfar mata ya ɗaga gwangwanin, ya ce shi ne ya yi ƙaryar sani, kwallin Hajo ba shi da laifi. Aka yi ta dariya, wasu suka zage shi. Ummulhairi ta durƙusa gaban tsohuwar tana kuka. Hajo ta share ido da gefen zane, ta ce, "Tashi, kar ki sake kumbura min idanun nan."

Bayan an gama yankan rake aka ɗaura aure. Hajo ce ta yi wa amarya kwalliya. Ta zizara kwallinta daga tandun nan, sannan ta ce a kawo mata abin birnin. Ta dangwala da ɗan yatsa, ta shafa a kan fatar idon a hankali, shuɗin ya kwanta luf.

Da aka kai amarya, Ummulhairi ta ɗago ido. Haliru ya kalle ta sosai, karo na farko tun ranar da ya ba ta gwangwanin.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari," Hajo ta ce daga bakin ƙofa. "Kai kuma ango, abin da ba ka sani ba, ka tambaya."