Maganin Da Bai Isa Jikin Mutum Ba

"Idan har kana sona, ka kawo wa Baba maganin nan."

Fadila ce ta faɗa a zaure, idanunta jajur. Musaddiq ya sunkuyar da kai. Shekara da shekaru yana ɗakin bincike, suna neman yadda garkuwar jikin mutum za ta gane ciwon daji ta yaƙe shi da kanta. A jikin ɓeraye har ƙari ya fara narkewa. Ga shi ciwon ya kwantar da Sharu Kabo, mahaifinta.

"Sanyin idona... ba zan iya ba."

Ya ce daga ɓera sai hukuma ta yarda, a gwada a mutane kaɗan da amincewarsu, sannan a masu yawa. Nasu ko matakin farko bai taka ba, kuma garkuwar da aka tsokano da ka tana iya juyowa kan mai ita.

Ina! Mai uba a kwance ina ta ga kunnen jin ƙa'ida? Ta ce kada ya sake taka musu ƙofa.

Jibril ɗan goggonta, mai fatauci a Kongolam, da ma ya daɗe yana haɗiyar yawu a kanta. Ya bi dangi gida-gida, wai likitan ɓeraye ya fi tausayin ɓerayensa. Iya, mahaifiyar Fadila, ta ce a mayar wa Musaddiq da kayan sa rana.

Musaddiq kuwa, ɗan halak, ko gezau. Ya yi ta zarya wajen likitocin Sharu har aka gano ciwon ya dace da wani maganin garkuwar, wanda wasu masu bincike suka sha wahalarsa tuntuni har aka amince da shi. Ta ƙarin ruwa aka riƙa ba shi. Sannu a hankali tsohon ya fara neman fura.

Ranar da ya iya zama, Fadila ta kwashe komai ta faɗa masa tana kuka.

"Uwata," in ji Sharu, "a kasuwar Mai'adua dillalin da ya hana ka saniyar da bai yarda da lafiyarta ba, shi ake riƙewa. Yaron nan ya san zai rasa ki, ya ƙi yin caca da raina. Wa kuma zan ba ke?"

Kunya ta rufe ta. Da ta kira Musaddiq, shi ne ma ya fara tambaya ko Baba ya ci abinci.

Ranar ɗaurin aurenta da Musaddiq an shirya waliyyi, amma Sharu ya ce a ba shi sandarsa. Da ƙafarsa ya taka har masallaci, da bakinsa ya ce ya bayar.