Jirgin Baba Mala

Daren Laraba mutanen Kwarin Dinya suka ji ƙarar. Ba tsawa ba ce, don sama tas take, taurari kamar an watsa gero. Ba kuma ganga ba ce, ko da yake ta so ta yi kama da ita: gum, gum, a hankali, kamar ana kaɗa tambari a cikin rijiya. Wasu suka ce aljanun tsamiya ne ke ƙaura. Wata tsohuwa ta ce ƙasa ce ke kiran ruwa. Kowa ya tofa addu'a ya gyara kwanciya. Da gari ya waye aka tarar babu jirgin ruwan gari.

Jirgin ruwa a ƙasar gero da gyaɗa abin kallo ne, amma da dalilinsa. Wani rafi ne ya raba garin biyu. Da rani yashi ne zalla, jakai na birgima a ciki. In damina ta nutsa kuwa, dam ɗin da ke arewa ya tumbatsa, sai mutanen ƙetare su wayi gari ba hanyar kasuwa ba ta asibiti. Bara waccan wata mai naƙuda ta kwana a bakin ruwa tana hango fitilar asibiti. Bayan nan ne ƙaramar hukuma ta kafa kwamitin ko-ta-kwana, ta ba shi buhunan yashi da usur da rigunan ruwa da jirgin katako guda. Aka ɗora jirgin kan bulo a ƙofar gidan Baba Mala, aka ɗaure shi da sarƙa jikin darbejiya, domin duk garin shi kaɗai ya iya tuƙi.

Baba Mala mutumin bakin tafkin Chadi ne. Shekarar da tafki ya ja da baya ya bar jiragensu kwance a kan tabo, ya ɗauko matarsa Kaltumi suka yiwo yamma, ya koyi riƙon fartanya yana babba. Abu ɗaya ya taho da shi, doguwar gorar tuƙinsa, wadda ta yi shekara da shekaru tana tokare da rumfar awaki. Ran da aka kawo jirgin ya zare ta, rumfa ta rufta, bai ko waiwaya ba. Tun daga lokacin kullum la'asar sakaliya sai ya hau jirgin a kan bulonsa ya zauna, fuska gabas, gora a cinya.

Da hantsi Sajan Yahya ya iso a babur daga ƙaramin ofishin 'yan sanda na kasuwa. Mutum ne mai sanyin magana, ritaya na leƙo shi. Yana sabon kurtu an taɓa kai shi wani gari a bakin teku can kudu, kuma har yau in iska ta ratsa gonar dawa sai ya tsaya, ya ji kamar igiyar ruwan nan ce ta biyo shi.

Shugaban kwamiti, Malam Zubair, shi ya tare shi, gumi na tsatso masa.

"Yallaɓai, kayan hukuma ne fa. Ga damina a ƙofa. Wanda aka ba amana shi zai yi bayani, in ya so a tafi da shi ofis."

"Za a tafi da wanda ya kamata," in ji Sajan.

Ya duba ƙasa, bai sami komai ba. Lokacin kai taki gona ne, tun asuba amalanken shanu ke kai da komo, sun tattake duk wani sawu. Sai ya duba sarƙa. Ba a yanke ta ba. An buɗe kwaɗon, an zare jirgi, an mayar an kulle. Rigunan ruwa na ninke a kan bulo, an danne su da dutse kada iska ta ɗauka. Gefe guda ga wata tsohuwar tasa cike da ƙaiƙayi, kaza ta baje a kai tana hararar kowa. Sajan ya ɗaga ta, ta kai masa sara. Ƙwai ne a ƙarƙashinta, ko ɗaya bai fashe ba.

"Wannan fa?"

"A cikin jirgin take kwanci," in ji Zubair. "Na sha faɗa, kayan hukuma ba akurki ba ne."

"Makullan kwaɗon nawa ne?"

"Ɗaya a wurina, ɗaya wurin Baba Mala."

"Ina ka kwana jiya?"

"Kano. Sunan jikata aka yi. Motar farko na biyo da safen nan, makullin kuma yana cikin aljihuna da na babur."

Sajan ya buga wa direban waya a gabansa. Direba ya ce ƙwarai, har Malam Zubair ya yi masa barci a kafaɗa tun daga Dawanau.

Maƙwabcin Baba Mala wani Bafulatani ne mai turka shanu, Nababa. Kowa ya taɓa ji yana cewa jirgin nan in an ba shi, bajimansa sun sami kwamin shan ruwa. Sajan ya same shi yana dama dusa.

"An ce kana son jirgin."

"Ina so mana! Me Babarbare zai yi da jirgi a kan tudu? Kullum yana ciki kamar kaza a kwando. Amma Yallaɓai, da ni ne, rigunan nan zan bari? Ƙwan nan zan bari? Ai da tuni an soya."

"Ina amalankenka?"

"Ga ta can a kife, ƙafa na wurin mai walda tun kasuwar da ta wuce. Je ka gani."

"Ka ji ƙarar jiya?"

Nababa ya daina dariya. "Na ji. Daga nan ƙofa ta taso, ta yi gabas."

"Da ƙarar mota?"

"Babu."

"Ta daɗe?"

"Kafin in gama laluben tocila ta ɗauke."

Sajan ya jinjina kai. Titi yana yamma, kuma da nisa. Jirgin bai bar garin ba.

Ya tarar da Baba Mala zaune a ƙasa kusa da bulon, gorarsa a cinya. Suka gaisa. Sajan ya ɓare goro ya miƙa masa. Tsohon ya kawo hannu, hannun ya wuce ta gefen goron, sai da ya dawo ya lalubo.

"Baba, yaya aka yi ka san an ɗauke shi?"

"Bayan na dawo masallaci na ɗan kishingiɗa, rana ta fito na taso in gaishe shi, yadda na saba. Na miƙa hannu in dafa shi, sai hannuna ya faɗa iska."

"Makullinka fa?"

Ya zaro igiya daga wuyansa. "Ba ya barin nan sai zan kwanta, in rataye a ƙusa saitin kaina." Sannan ya ce, "Ɗana, ka taɓa ganin babban ruwa?"

"Na taɓa, Baba. Teku."

"To ka san abin. Mu namu ba ya ƙara irin naku, numfashi kawai yake yi. Da asuba in ka tura jirgi cikin ciyawa, tsuntsaye su tashi su rufe sama. Wannan katakon, warin kwaltarsa kaɗai ya ishe ni. In sun ce ni na sayar, su kai ni inda za su kai ni. Amma a nemo shi kafin ruwa. Akwai masu ciki a ƙetare."

Sajan ya tashi. Ya bar babur ya bi hanyar gabas a ƙafa. Gonaki ne jere da juna an share su fes, tsibin taki nan da can kamar gidajen tururuwa. A gefen kowace gona akwai tarin karan dawa, kuma a wannan lokaci na bazara duk sun rame, don dabbobi sun ci, mata sun hura wuta, masu danni sun ɗiba. Wani ya koma kamar tsintsiya, wani sai gurbinsa. Can bayan wata kuka ya hango guda ɗaya da ya saɓa wa 'yan uwansa, dogo, mai ƙiba, kamar jiya aka gama girbi. Ya zura hannu cikin karan har kafaɗa. Da ya zaro, ya kai yatsunsa hanci, ya daɗe a tsaye.

Wani mai kai taki ya zo wucewa, Sajan ya tambaye shi gonar wa ce.

"Ta Najib ce, surukin Baba Mala, mijin 'yarsa."

"Yana da amalanke?"

"Sabuwa ma."

Bayan azahar Sajan ya yi sallama a zauren Baba Mala ya ce yana son ganin Inna Kaltumi. Zubair da Nababa suka biyo shi suka tsaya daga bakin ƙofa, tsohon kuma yana zaune a kan buzunsa. Ta fito lulluɓe da mayafi, 'yar siririya, ta zauna a dokin ƙofa.

"Inna, kazar da ke kwanci a waje ta wa ce?"

"Tawa ce."

"Allah ya sa ta ƙyanƙyashe lafiya." Ya juya wurin Zubair. "Malam Zubair, ɓarawo yanke sarƙa yake yi, ba ya mayar da kwaɗo ya kulle. Ba ya ninke riguna. Ba ya neman tasa da ƙaiƙayi cikin duhu don kada ƙwan wani ya yi sanyi. Wanda ya yi wannan aikin ba ya son a yi asarar komai, jirgin kaɗai yake so ya gusa. Makullinka ya kwana a Kano, saura na Baba, wanda ke rataye saitin kansa in ya yi barci. Mutum ɗaya ne zai shiga ɗakin nan ya fita ya sake shiga bai farka ba. Ƙarar da kuka ji kuwa, cikin jirgi ne fayau yana dukan katakon amalanke a kan kunyoyi. Jirgin yana gonar Najib, cikin tarin kara. Duk garin nan tarin kowa ya rame, nasa kaɗai ya yi ƙiba a dare ɗaya."

Baba Mala ya juya fuskarsa wajen da yake zaton matarsa take.

"Kaltumi?"

"Ni ce, Malam." Muryarta ba ta yi rawa ba. "Yaron nan Najib ba shi da laifi, ni na ce masa in bai zo da shanunsa ba kada ya ƙara ce mini Inna."

"To don me, Inna?" in ji Zubair. "Kayan hukuma!"

Ta dubi Sajan, shi ma ya dube ta. Ya so ƙwarai a ce aikinsa ya ƙare a kan tarin kara. Amma ya tuna masu cikin da ke ƙetare.

"Baba," ya ce a hankali, "daga ƙofar nan zuwa bulon taku kaɗan ne. Mai ido daga zaure zai ga babu jirgi. Kai sai da hannunka ya faɗa iska."

Tsohon ya sunkuyar da kai.

"Tun kaka yanar ido ta rufe masa gani," in ji Kaltumi. "Da rana inuwa-inuwa yake gani, da dare ko ita babu. Ya hana ni faɗa, wai za a karɓe jirgin a ba wani. Na ce mu je asibitin ido a Kano, ya ce sai bayan damina, kada ruwa ya zo ba ya nan. Ni na san shi. Ran da aka busa usur ɗin nan, ko tsakar dare ne zai tura jirgi, ya ɗauko 'yar mutane da cikinta. In faɗa in tona masa asiri, in yi shiru in rasa shi har da wasu. Sai na ce bari jirgin ya ɓata, damina ta wuce." Ta gyara mayafi. "Kuna tsammani shi kaɗai ke jin warin kwaltar nan? Ni ma a jirgi aka kai ni gidansa."

Nababa, wanda bai taɓa ganin Baba Mala ya ƙyale shi ba tsokana ba, ya kawar da kai yana kallon bango.

"Yallaɓai, yanzu yaya ke nan?" in ji Zubair, murya ta yi laushi.

"Kayan hukuma an same su lafiya, ko ƙusa ba ta ɓata ba. Abin da zan shaida ke nan. Sauran naku ne na kwamiti."

Da la'asar Najib ya dawo da jirgin a amalankensa, kansa a ƙasa, yara na binsa, jirgi na ta gum, gum, da rana tsaka kowa na gani. Aka taru aka ɗora shi a kan bulo. Zubair ya tsaya yana murza hula, ya rasa ta inda zai fara. Baba Mala ya hutar da shi. Ya cire igiyar daga wuyansa ya miƙa, Zubair ya matso da hannunsa inda makullin yake ya karɓa.

Sannan tsohon ya bi gefen jirgin da tafin hannu tun daga baya har goshi, yana cire ɓurɓushin kara ɗaya bayan ɗaya. Bai hau ba. Ya jingina gorarsa a jiki, ya koma gindin darbejiya ya zauna kusa da Kaltumi, fuskokinsu duka biyu gabas.

Can gabas ɗin hadari ya fara haɗuwa, baƙi ƙirin daga ƙasa. Iska mai sanyi ta taso da ƙamshin ruwan da ya sauka a wani gari. Sajan ya riga ya hau babur, amma bai tayar ba. Nababa ya ɗauki gorar, ya jinjina nauyinta, ya juya ta sama da ƙasa bai san ina ne kanta ba. Ya dubi taron, manoma ne duka, 'ya'yan manoma.

"To jama'a," ya ce, "in ruwan ya zo, wa zai tuƙa?"