Kofin Da Ba A Wankewa

"Ikilima... mene ne wannan koren abin a gindinsa?"

Cikin raɗa Abdulmuhaimin ya tambaye ni, lokacin da na durƙusa ina zuba masa fura a zauren gidanmu. Ban iya leƙa cikin kofin ba. Warinsa kaɗai ya sa na kawar da kai.

"Don Allah kurɓa ɗaya," na ce. "Baba yana kallonka."

Shekara arba'in da uku ke nan da ƙungiyar ƙwallon kwalejin su Baba ta ciyo kofin nan. Har aka gama gasar ba wanda ya doke su, Baba ne gola. Ranar da suka shigo Daura da shi suka dama fura a ciki suka sha, kocinsu ya rubuta sunayensu su goma sha ɗaya da jan fenti a jikinsa, ya ce nasara ba a wanke ta. Tun ranar ruwa bai taɓa shi ba. Kuma duk saurayin da ya zo neman 'yar ɗayansu, sai ya sha fura a ciki kafin a saurare shi.

Abdulmuhaimin kuwa a ɗakin gwaje-gwajen asibiti yake aiki.

Ya ajiye kofin a hankali, ya sunkuyar da kai.

"Baba, a gafarce ni. Wallahi ba zan iya ba."

Kafin Baba ya yi magana sai ga hannun Yazid. Ɗan Alhaji Bature ne, kyaftin ɗin su Baba. Wata shida Yazid yana min naci ina ce masa a'a. Ba wanda ya gayyace shi. Ya ɗaga kofin ya kafa kai, maƙogwaronsa yana sama yana ƙasa, har ya sa yatsa ya lakato na gindin ya lashe.

"Kai, Baba! Har da garɗi!"

Na toshe bakina da mayafi.

Baba ya dubi Abdulmuhaimin ya ce, "Wanda ya ƙyamaci kofina, ni ya ƙyamata. Tashi ka ba ni wuri."

Da na fita zubar da ruwan kwanuka, na hango Yazid a bayan katangarmu yana kwara amai. Tir!

Da la'asar Abdulmuhaimin ya kira ni.

"Hasken idona, kuka kike?"

"Ba kai ka ce ko wuta za ka shiga saboda ni ba?"

"Wuta dai na ce, Iki. Abin da ke cikin kofin nan kullum shi nake gani a madubin gwaji, har sunayensu na sani!"

"To shi ke nan, mun rabu saboda fura..."

"Kada ki ƙara faɗar haka, masoyiyata."

Washegari Baba ya tafi ɗaurin aure Sandamu. Na ce a raina, in ƙazanta ce matsalar, ai sai a kawar da ita. Na ɗauko toka da lemon tsami da soson waya, na ɗaure hancina da ɗankwali. Abin da ya fito daga kofin nan, Allah kada ya sake nuna min! Na dirje ciki, na dirje waje, har ya yi ƙyalli.

Sai da na ɗauraye na lura.

Jan fentin ya bi ruwa. Ba suna ko ɗaya.

Innalillahi!

Tare da Yazid Baba ya dawo. Ya ɗauki kofin, ya juya shi, ya sake juyawa.

"Aikin ɗan asibitin nan ne, Baba," in ji Yazid. "Shi ya zuga ta."

"Ƙarya kake!" Ban san lokacin da na ɗaga murya ba. "Ni ce, Baba. Ni kaɗai. Bai ma sani ba."

Na zaci duka zan sha. Amma Baba zama ya yi a kan tabarma, ya fara lanƙwasa yatsu.

"Ni... Bature... Amadu Dogo..."

Ya kai tara ya tsaya. Ya sake farowa, ya sake tsayawa a tara.

"Yazid, kai da ka sha, ƙarasa min."

"To, akwai Abbana... da ku..." Ya hau sosa ƙeya.

Da asuba, bayan an fito masallaci, Abdulmuhaimin ya tsaya a ƙofar gidanmu da babur ɗinsa. Ni na faɗa masa komai a waya.

"Baba, sha ne ban iya ba. Amma in akwai wanda zai tuna sauran biyun, ko ina yake zan kai ka."

Baba ya dube shi, ya dubi babur ɗin. Sannan ya hau.

Kwana uku suna fita. Mashi, Sandamu, har garin Babban Mutum. Ni kuwa ko littafi na buɗe ba na gane komai.

Rana ta uku Baba ya shigo idonsa jawur. Ya ƙi taɓa abinci.

"Ikilima, zo nan."

Na durƙusa.

"Mun samo Mainasara. Shi ya ci mana ƙwallon ƙarshe, kuma shi ne ɗaya daga cikin biyun da na manta. Ya makance. Yana kwance a wani ɗaki, ƙafarsa ta ruɓe, ƙuda sun yi masa caa. Shekara ashirin ba wanda ya leƙa shi a cikinmu. Yana jin muryata ya ce, Ma'u gola! Ya jero mu duka, har da lambar rigar kowa."

Ya share ido da bakin riga.

"Ni na kasa tsayawa a ɗakin saboda wari. Yaron nan da na kora, shi ya durƙusa ya wanke masa ƙafar da hannunsa. Muna nan muna lasar kwano, ɗan'uwanmu yana can yana ruɓewa. Tir da mu!"

"Baba..."

"Gobe za mu ɗauko shi zuwa asibiti." Ya ja numfashi. "Ki ce wa Abdulmuhaimin ya turo magabatansa ranar Juma'a."

Na rufe fuskata da mayafi, na fashe da kuka.

"Kukan na mene ne kuma?" in ji Baba. "Tashi ki kira shi, kafin in canza shawara."