Ranar Da Aina'u Ta Ci Wasa

"Na ci! Wallahi na ci ka, Yaya Abdul!"

Aina'u ta miƙe daga kan tabarma tana tsalle har mayafinta ya zame. Ta manta a ƙofar gidan suna suke, ta manta abokansa na tsaye a gindin dalbejiya suna kallo.

Abdulkabir bai yi dariya ba.

Shi ne saurayinta, yana karatu a Kano, sai ƙarshen mako yake zuwa ƙauyensu da ke gefen Zakirai. Shi ya koya mata wasan tanis na waya, irin wanda ake ajiye waya a tsakiya, kowa ya riƙa shafa gefensa yana mayar da ƙwallo. Tun bazara yake lallasa ta, kullum sai ya ce, "Sahibata, ranar da kika ci ni, ranar zan turo magabatana."

Ita kuwa ta ƙulle maganar nan a bakin zani.

Inna ta yi faɗa har ta gaji.

"Namijin da ya rataye aure a jikin wasa, ke ce abin wasan. Tashi ki ɓare min gyaɗa!"

Sai ta ɓare gyaɗar. Da wanta Yaya Tasi'u ya tafi gona ya bar wayarsa, sai ta ɗauka. A hankali ta gane kan abin. Ba a gaggawar shafawa, sai ƙwallo ya dira ya taso. In abokin wasa ya tsaya dama, a aika masa hagu. In ya matso kusa da raga, a ɗaga ta bayansa.

Ramlat, 'yar kawunta, ita ke taya ta gwaji. Ita ce ma ta ba ta shawara.

"Kar ki ci shi daga ke sai shi, zai musa. Bari sai gaban abokansa, a samu shaidu."

To, ga shaidu an samu.

"Kai Abdul! Duk bokonka mai ɓarar gyaɗa ta kwantar da kai?" in ji Jamil abokinsa, sauran suka kwashe da dariya.

Aina'u ta zauna, ta gyara mayafi, ta yi ƙasa da murya.

"Masoyina... alkawarinmu fa?"

"Wane alkawari?"

"Na turo magabata..."

"Au! Da gaske kika ɗauka?"

Ta nuna wayar da ke tsakaninsu.

"Haba Yaya Abdul, ai ko wayar ma shaida ce. Kullum muna wasa sai ta ce lob, ka ce min so ke nan da Turanci, soyayyarmu take faɗa."

Jamil har da riƙe ciki.

Abdulkabir ya kalle ta sama da ƙasa.

"Lob a tanis sifili ke nan. Babu. Duk sanda ta faɗa, gaya miki take ba ki da komai."

Ya ɗauki wayarsa, ya sa gefen riga ya goge inda yatsanta ya taɓa.

"Dubi yadda kika maiƙe min gilashi."

Ba ta san yadda ƙafarta ta kai ta gida ba. Inna ta gan ta, ba ta ce ai na gaya miki ba, sai dai ta jawo kanta ta ɗora a cinya ta bar ta ta yi kukanta.

Ta jira shi Asabar ta gaba, bai zo ba. Ta sake jira.

Kafin a gama yankan dawa aka shigo gidansu da goro da alewa. An sa ranar Abdulkabir da Ramlat.

Ko takalmi ba ta tsaya nema ba. Ta ruga gidan kawunta, ta tarar da Ramlat a ɗaki tana ninke atamfofi.

"Ramlat... ni? Ni za ki yi wa haka?"

"Me na yi miki? Ke kika ci shi da hannunki."

"Ke kika ce in yi a gaban mutane!"

"Na ce, kika yi." Ramlat ta ci gaba da ninkinta. "Ni ma yana zuwa muna bugawa tun tuni. Kin san na fi ki iyawa. Amma ko sau ɗaya ban taɓa yarda na ci shi ba."

Aina'u ta share hawaye da bayan hannu.

Ramlat ta turo mata faranti.

"Ɗauki alewa, 'yar uwa. Ke ce babbar ƙawa, ki fara neman kuɗin anko."