Tsakin Chiara

"Ki faɗa mini sunanki na gaskiya," in ji muryar wani namiji a waya, ta cikin abin kunnenta.

Hannun Mirjeta ya sandare a kan kwamfuta. Tsakar rana ce a birnin Durrës, tsallaken teku daga Italiya, mutum tamanin na ta surutu cikin zauren kamfanin da ke amsa kiran kwastomomin Italiya.

"Sunana Chiara, ranka ya daɗe, daga Milano," ta amsa da Italiyanci, yadda dokar kamfani ta ce.

"Chiara 'yar Milano ba ta ɗan tsaki in za ta ce a'a. Mutanenmu ke yin haka... Mirush."

Layin ya mutu.

Mutum ɗaya ne ke ce mata Mirush: Gentian. Shi kuwa shekara huɗu ke nan da aka ce teku ta cinye shi a hanyar Italiya, bayan babanta ya hana shi aurenta.

Vjollca, wadda ke zaune kusa da ita, ta zungure ta.

"Ke 'yar Milano ta jabu, kin faɗa son kwastoma ne, irin na fim ɗin barkwancin da suka nuna mana ranar ɗaukar aiki? Saura ya zo ya ci barkono ya yi kuka."

"Vjollca... matattu na buga waya?"

Dariyar Vjollca ta tsaya.

Kwana uku yana kira, kullum babu lamba a allo. Wanda duk ya yi yaren gida a layi korarsa ake yi, don haka sai dai ta saurari numfashinsa tana karanto farashin wutar lantarki.

Da yamma ta tarar da babanta ƙarƙashin itacen inabi, gahawar da ke kofinsa ta huce.

"Baba, ka ga gawar Gentian da idonka?"

Tsohon ya yi ɗan tsaki.

"Ban gani ba. Ni na roƙi kawunsa ya faɗi haka. Tsoro na ji, 'yata. Kada ki bi shi ƙetare teku cikin kwalekwalen roba."

"Shekara huɗu ina kai fure bakin ruwa, Baba."

"Na sani. Ina bin ki daga nesa."

Washegari kiran ya shigo. Jar fitila ta kama a teburinta, alamar shugabar sashe na saurare.

"Ko shi ma ƙarya aka yi masa, aka ce na yi aure?" ta tambayi kanta.

"Mirush, in ba ke ba ce, ba zan ƙara kira ba."

Ta dubi fitilar. Ta buɗe baki da yaren uwarta.

"Ni ce, raina. Kana da rai?"

"Leƙo taga."

Ta ajiye abin kunnen, ta wuce shugabar da ta taso a fusace.

Yana tsaye a ƙasa, ya rame, inuwarsa kwance a kan titi kamar ta kowa. Babanta da ya rako shi na gefensa, hula a hannu, ya kasa ɗaga kai.