Hannuwan Mairam

"Tofar da ganyen nan, Saude! Na ce ki tofar!"

Saude, 'yar kawun Bunu, tana tsaye a bayan makarantar elementare ta Hadeja da ganyen dalbejiya a baki, tana taunawa a gaban ɗalibaina kurame. Kowa ya san ma'anar wannan, kurman ne ake ce wa akuya.

Aisa, ƙaramarsu, ta faɗa jikina tana kuka.

Bunu, malamin gonan En'e da ya ce ba shi da mata sai ni, yana riƙe da kekensa. Kallo kawai yake!

"Malam, a gabanka fa?"

"Yi haƙuri, abar ƙaunata... wasa take."

Wasa! Ni na roƙi hedimasta har ya bar min inuwar bayan makarantar nan, bayan an sallami yaran daga aji wai daƙiƙai ne. Da maganar hannu nake koya musu baƙi da lissafi, yadda na koya wurin Babana, kurma masunci a Auyo.

Ashe Saude ta riga ta kai gulmata gidan su Bunu. Washegari Iya Gana, mahaifiyarsa, ta aiko kirana.

"Yarinya, ko ki bar bebayen nan, ko ki bar min ɗana. Yau da gobe kina kwaikwayonsu, ai irinsu za ki haifa mana!"

"Iya, kurma ne ya haife ni, ga shi kuma ina jinki sarai."

"Ka ga bakin, ko?" ta ce da Bunu.

Bunu ya biyo ni zaure, murya ƙasa-ƙasa.

"Mairam, ki ɗan ajiye su... sai bayan biki."

"In ajiye su a ina? Kayan wanki ne?"

"Haba, farin cikina..."

"Kar ka ƙara kirana haka. Farin cikin da ake kunyarsa a gaban mutane, ba na so!"

Na yi kuka kam, ba zan ɓoye ba. Amma aji ban fasa ba, shi kuwa ko ƙeyarsa ban sake gani ba. Har aka fara cewa Saude za a ba shi.

Da hutun damina na koma Auyo, ruwa ya shafe fadama. Ina shanya kifi sai ga kwalekwale, Bunu da baffansa Shu'ibu a ciki. Kawuna ya taso da sauri, don shi ake samu kan duk wata maganar gidanmu. Ba a taɓa tambayar Baba komai ba, ko sunan da aka raɗa min.

Bunu ya gaishe shi, ya wuce, ya durƙusa gaban Baba, ya ɗaga hannuwa.

Wayyo, hannuwan nan! A karkace, a birkice. Daga baya na ji wurin mahaifin Aisa ya yi ta zarya yana koyo.

Baba ya daɗe yana kallonsa, idanunsa sun kaɗa. Sannan ya juyo gare ni da hannu: "Maganarsa kamar mai korar ƙuda. Kina sonsa?"

"Makarantar fa?" na tambayi Bunu, fuska a ɗaure.

"Ni zan riƙa kai ki a keke."

Iya Gana ba ta zo biki ba. Baba ne da kansa ya ba da aurena, da hannunsa, gaban liman.